Kwana Ashirin a Ƙarƙashin Gado

A bakin ƙofar asibiti ya fara ganinta, ranar Talata da tsakar rana. Wata tsohuwar mota ruwan toka ta tare hanya, na baya suna ta danna hon. Wata siririyar budurwa ta ɗaga bonet ta tsaya tana kallon injin, irin kallon wanda bai san abin da yake nema ba.

Na-Ƙasa ake kiransa a gareji, don ba a cika ganin fuskarsa ba, sai dai ƙafafunsa da suka leƙo daga ƙarƙashin mota. Ya tsayar da babur ɗinsa ya ce bari a tura mata. Ta ce ba a tura ta, otomatik ce. Ya ce to ta murɗa makulli ya ji. Ta murɗa. Motar ta yi ƙas sau ɗaya, ta yi shiru.

A kujerar baya wata mata ce kwance, an naɗe hannunta da bandeji, leɓenta ya bushe. A gaba kuma wani dattijo ne da baƙin gilashi, sandarsa tsakanin gwiwoyi.

"Kik ne," in ji dattijon, bai ko juyo ba. "Kada ka ce min batir. Shekara talatin na yi ina jan babbar mota kafin idona ya tafi."

Gaskiyarsa ne. Kik ɗin ne, wato ɗan injin nan da ke fara juya babban inji idan an murɗa makulli. Na-Ƙasa ya zaro dogon ƙarfe daga jakarsa, ya kwanta a kan kwalta mai zafi, ya ce idan ya ce yanzu ta murɗa. Ya ƙwanƙwasa gefen kik ɗin sau uku. Motar ta yi tari, ta kama.

Da ya fito, rabin fuskarsa baƙin mai, sai budurwar ta miƙo masa hankicinta. Ya ƙi karɓa, ya ce zai ɓata shi.

"Dama na goge datti ne," ta ce. "Karɓi, Injiniya."

Babu wanda ya taɓa kiransa haka. Ko sakandare bai gama ba.

Auta ake ce mata, ita kaɗai ta rage a gaban iyayenta. Umma tana wankin ƙoda duk Talata da Juma'a, ƙarfe bakwai na safe. Na'urorin asibitin huɗu ne, masu jira kuwa sun fi arba'in, wanda ya makara sai a ɗora wani a gurbinsa. Gidansu yana can ƙarshen gari inda kwalta ta ƙare, kuma motar nan ba ta da wani aiki a duniya sai kai Umma da dawo da ita.

Ya gaya musu gaskiya a ranar: kik ɗin ya ci ƙarfinsa, duka da ƙarfe lallami ne kawai, sai an canza shi. Ya ce zai nemo musu. Kafin a samu kuma zai riƙa zuwa da safe ya tayar musu, ya kuma same su a asibiti da rana.

Ranar Juma'a ƙarfe shida yana ƙofar gidan. Auta ta fito masa da shayi a kofin ƙarfe, ta tsaya tana kallonsa yana sha. Da yamma saƙonta na farko ya shigo:

"Injiniya, Umma ta ce a yi maka godiya. Ni kuma na ce ka riƙa cin abinci, hannunka kamar sifana."

Ya karanta ya fi sau goma kafin ya rubuta: "Direbata, wanda yake ganinki da safe ba ya jin yunwa sai dare."

"Ƙarya dai ba kyau. Ka ci abinci."

Ranar Asabar ya sami kik ɗin. Shago ɗaya ne a garin yake ajiye kayan irin wannan tsohuwar mota, mai shi wani matashi ne fes, kullum cikin farin yadi da ƙamshin turare. Mai Shago ya tambaya motar wa za a sa wa. Da ya ji, sai ya ɗan dube shi sama da ƙasa, ya naɗe kik ɗin a takarda ya ba shi.

Na-Ƙasa ya kai shi ɗakinsa da niyyar ya ɗaura washegari. Aikin awa ɗaya ne da rabi. Ya zauna a bakin gado da shi a cinya, nauyinsa kamar jariri, yana lissafi. Idan ya ɗaura, motar za ta tashi da kanta. Babu sauran shayin safe, babu tsayuwa a inuwar asibiti. Me zai kai makanike gidan da mota ba ta da ciwo?

Ya ce a ransa sati ɗaya kawai. Ya tura kik ɗin ƙarƙashin gado da ƙafa.

Ya ce wa Auta kayan tsohuwar mota wuyar samu gare su, ana nema.

Sati ɗaya ya zama biyu. A awa huɗun da Umma take yi a kan na'ura, yakan saci jiki daga gareji su zauna a benci a bayan ɗakin magani. Ta ba shi labarin yadda ta ajiye karatun koyarwa a shekarar ƙarshe, da yadda ta koyi tuƙi Baba yana gefe yana gyara mata da kunne kawai. Shi kuma ya gaya mata ya yi aiki a gareji biyar cikin shekara shida, bai taɓa jin yana son zama wuri ɗaya ba sai yanzu.

"Wane wuri ke nan?" ta ce, tana wasa da makullin mota.

"Bencin nan."

"Bencin marasa lafiya? Allah Ya shirye ka, Injiniya."

Baba makaho ne amma ba kurma ba. Wata safiya, Na-Ƙasa yana kwance a ƙasan mota, ya ji shi yana gaya wa Auta da muryar da ya tabbata za ta kai ƙasa, cewa shi ya san makanikai tun ba a haife ta ba. Ba sa taɓa gyara maka mota duka, sai sun bar abin da zai dawo da kai. Ya ce ɗan amininsa, mai shagon kayan mota, ya daɗe yana zuwa gaisuwa, yaro mai natsuwa da abin yi, kuma shi ya riga ya ba shi fuska. A nan Na-Ƙasa ya gane kallon da aka yi masa a shago.

Ya kamata ya ɗaura kik ɗin a ranar. Sai ma tsoro ya ƙara kama shi, don yanzu ya san ƙarfen nan da yake bugawa shi kaɗai ne izininsa na shiga gidan.

Kik ɗin kuwa yana ta ja da baya. Da bugu uku yake tashi, ya koma biyar, ya koma sai an yi ta yi. Na-Ƙasa yana ji, ya fi kowa sanin ma'anar hakan.

Ranar Juma'a ta kwana ashirin aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya iso a jiƙe, ya kwanta cikin taɓo, ya buga. Auta ta murɗa. Ko ƙas ɗin babu. Ya buga har hannunsa ya sage, sai warin ƙonewar waya ya cika masa hanci. Ya ajiye ƙarfen.

Ɗakinsa tafiyar minti arba'in ne, ga ɗauri awa ɗaya da rabi. Kik ɗin da ke ƙarƙashin gadonsa ba shi da sauran amfani a wannan safiya.

Ya hau babur ya tafi neman tasi. Direba uku suka ƙi shiga hanyar saboda laka, na huɗu ya yarda ya jira a bakin kwalta. Na-Ƙasa ya goya Umma a bayansa, Auta ta riƙe lema, suka taka laka har can. Umma ba ta da nauyi ko kaɗan, numfashinta a wuyansa kamar ana jan zare. Tana ta ce masa sannu, ɗana, sannu.

Tara da rabi suka isa. An riga an ɗora wani, kuma na'ura ɗaya ta lalace tun jiya. Auta ta roƙi ma'aikaciyar har ta durƙusa. Aka ce su dawo Talata.

Jikin Umma bai iya jira har Talata ba. Ranar Lahadi da hantsi ruwa ya taru mata a ƙirji, ta kasa kwanciya, ta kasa zama. Aka kwashe ta zuwa ɗakin gaggawa. An ceto ranta, amma likita ya ja Auta gefe ya ce zuciyar ta ji jiki, ba za ta koma yadda take ba.

Ranar Litinin Mai Shago ya zo dubiya da ledar lemo. Ya gaida Baba, ya yi jaje, sannan ya juyo wajen Auta a hankali ya tambaya ko kik ɗin da ya ba yaron nan bai yi daidai ba ne. Ai ya fi sati uku da ɗauka.

Na-Ƙasa yana gareji saƙon ya same shi.

"Da gaske ne kik ɗin yana hannunka tun sati uku?"

Ya rubuta ƙarya iri biyu ya goge. Sannan ya tura: "Da gaske ne."

"Sayar wa wani za ka yi?"

"A'a. Yana ƙarƙashin gadona. Na ji tsoron in na ɗaura ba zan sake ganinki ba. Ba ni da wani dalili bayan wannan."

Sai bayan awa biyu amsa ta zo.

"Da sayarwa ka yi da ya fi min sauƙi. Yanzu ka sa ni ma a ciki. Duk shayin da na ba ka, da numfashin Umma na biya."

Ranar Laraba ya kai kik ɗin ƙofar gidansu tare da jek da jakar sifanu. Baba ya ce ta bayan ƙyaure, in ƙafarsa ta taɓa tsakar gidan nan sai dai a ɗauki gawar ɗayansu. Ya ajiye kayan a bakin ƙofa ya koma ya tsuguna a gindin katanga.

Gobe za a sallamo Umma, jibi kuma ranar wankin ƙoda. Daga inda yake yana jin Mai Shago a ciki yana cewa kada a damu, shi zai riƙa aiko da motarsa da direba duk Talata da Juma'a. Baba ya fara sa albarka. Sai muryar Auta ta katse su.

"Baba, ka yi haƙuri. Ba zan sake rataye ran Umma a wuyan namijin da yake son wani abu a wurina ba. Ko wannan, ko na waje. Ni zan ɗaura."

Mai Shago ya yi 'yar dariya ya ce ai aikin ba na mata ba ne. Can sai Baba ya ce ta shigo da jek ɗin.

Wayar Na-Ƙasa ta yi ƙara. "Faɗa min yadda ake yi. Aiki kawai. Kada ka kira ni da wani suna."

Ya goge hannunsa a wando ya fara rubutu.

"Ki fara cire kan batir, baƙar wayar, da sifana mai lamba goma. Kada ki taɓa komai kafin wannan, wuta za ta tashi."

"Ki ɗaga gaba ta gefen direba. Ki sa katako mai kauri da tsohuwar taya a ƙasa. Kada ki shiga mota tana kan jek kaɗai, don Allah."

"Waya biyu ne a jikinsa, mai kauri da siririya. Mai kaurin noti ne, siririyar ki danna ki ja. Ki ɗauki hoto kafin ki cire."

Notin ƙasa ya fita bayan ta taka sifana da ƙafa. Na sama ne ya gagara. Yana can bayan kik ɗin inda ido ba ya kaiwa, ko makanike da lalube yake cire shi. Ta yi minti arba'in, ta fasa 'yan yatsu biyu, ta rubuto cewa ba ta ganinsa.

"Ba a ganinsa," ya amsa. "Da hannu ake nema."

Sai ya ji ƙarar sanda ta faɗi a siminti, ya ji nishin tsoho yana kwanciya a ƙasa. Baba ya ce ta matsa, shi duk duniya da hannu yake nemanta. Bai yi minti biyar ba ya ɗora sifana a kan notin, ya ce ta ja.

Na-Ƙasa ya rubuta ta jera tsohon da sabon, ta ƙirga haƙoransu. Tara da tara. Ta fara ɗaura notin da hannu kafin sifana, na wayar kuma kada ta matse da ƙarfi, zai karye. Batir shi ne ƙarshe.

Rana ta kusa faɗuwa ya ji an murɗa makulli. Injin ya tashi tun kafin a saki.

"Ta tashi. Kayanka suna bakin ƙofa. Kada ka sake rubuto min."

Bai sake ba. Amma ranar Juma'a shida saura yana bakin kwalta a kan babur. Da motar ta wuce ya bi ta a baya, nesa, jakarsa ɗauke da igiyar ja da batir na aro. Ya tsaya a wajen asibiti har suka fito, ya raka su, ya juya daga inda kwalta ta ƙare. Bai ɗaga hannu ba, ita ma ba ta dubi madubi ta yi masa alama ba.

Haka Talata, haka Juma'a, wata uku. Motar ba ta taɓa tsayawa ba, bai taɓa buɗe jakar ba. Maigidansa na gareji ya gaji ya ce ya zaɓa tsakanin aiki da rakiyar nan, shi kuwa ya zaɓi rabin aiki. Ya rame har 'yan gareji suka daina tsokanarsa. Mai Shago ya zo sau uku yana neman a tsayar da magana, Auta ta ƙi fitowa, daga nan ya ɗauke ƙafa.

Umma kuwa kullum ƙara ƙanƙancewa take. Wata Juma'a, a hanyar dawowa, motar ta tsaya a ƙarshen kwalta. Na-Ƙasa ya zaci ta lalace. Auta ta fito, ba ta kalle shi ba, ta ce Umma na kira.

A falo aka shimfiɗa mata katifa, an tokare bayanta da matasai uku don ta iya numfashi. Baba yana kan kujera, fuskarsa a bango. Na-Ƙasa ya durƙusa tun daga bakin ƙofa ya fara neman gafara. Umma ta ɗaga hannu ta ce ya bari, ba ta da numfashin sauraron dogon zance, nata ma a gajarce za ta yi.

Ta ce abin da ya yi mata ba ƙarami ba ne, kuma ba za ta ce ba komai ba. Sannan ta juya kai wajen mijinta.

"Malam, kai ma ka faɗa mata, ko ni in faɗa. Yaron shagon nan ya kira ka tun satin farko ya ce an ɗauki kik. Ina kwance a nan ina ji."

Auta ta ɗago.

"Ka yi shiru kana jira ka kama shi da ƙarya, don ka nuna wa 'yarka kai ne mai gaskiya. Shi yana jira don so, kai kana jira don ƙi, ni kuma ina kujerar baya."

Ta huta, ƙirjinta yana hawa yana sauka. Baba ya cire gilashinsa, abin da ba ya yi a gaban baƙo, ya rufe fuska da tafin hannu.

Umma ta ce ita ba ta da lokacin jiran kowa ya huce. Ta ga yaron nan wata uku a madubin gefe, cikin rana da ruwa, bai nemi ko sannu ba. Ta ce ba ta san mutumin da ba zai taɓa cutar da 'yarta ba, amma ta san wanda ya ga abin da son ransa ya jawo kuma bai gudu ba. Ta tambayi Auta ko tana sonsa har yanzu, ta ce kada ta yi mata kara.

Auta ta daɗe tana kallon tabon da ke yatsunta.

"Ina jin haushinsa, Umma. Kullum."

"Ba shi na tambaye ki ba."

"Ina sonsa," ta ce, hawaye na zuba, ba ta share ba.

A ranar da yamma, karo na farko cikin wata uku, saƙonta ya shigo wayarsa.

"Injiniya, ban gama yafewa ba. Zan riƙa yi kaɗan kaɗan. In ka sake ɓoye min wani abu don kana sona, ka gama da ni."

"Na ji, Direbata. Ko wanda zai kore ni ne, ke za ki fara sani."

Bayan sati uku aka ɗaura aure a falon nan, don Umma ba ta iya fita. Mutanen ba su kai ashirin ba: kawun ango, maigidansa na gareji, yayyen Auta biyu da suka zo daga nesa, sai maƙwabta. Ba kiɗa, ba hayaniya, likita ya hana. Ango ya wanke hannu da omo har ya yi ja, amma baƙin da ke ƙasan farcensa ya ƙi fita, yana ta ɓoye shi cikin hannun riga. Sati bakwai ne suka rage wa Umma a duniya, kuma duk wanda ya dube ta a ranar ya san ba su da yawa.

Da baƙi suka ragu, ta ce su matso su zauna ƙasa inda za ta gan su ba sai ta ɗaga kai ba. Ta jawo hannun da yake ɓoyewa ta ɗora a kan na Auta, ta dafa da nata.

"Allah Ya yi muku albarka. Ya ba ku lafiya, ita ce ban samu ba, ita nake roƙa muku. Ya ba ku 'ya'yan da za su tsaya muku yadda wannan ta tsaya min. Ya sa ku tsufa tare."

Kowa ya ce amin, ban da Baba. Umma ba ta saki hannuwansu ba, ta zuba wa kujerarsa ido tana jira, numfashinta na fita da ƙyar.

Dattijon ya laluba da sanda har ya taɓa gefen katifa. Ya sauko a hankali, ya miƙa hannu ya sami kan Auta, sannan ya matsa ya sami na angon. Ya bar hannunsa a wurin.

"Amin," ya ce. "Allah Ya yafe mana, ni da kai."